Kujeru Biyu na Bayan Direba

Shekara ashirin da uku Kawu Canji ya yi yana sayar da tikiti a tashar manyan motoci, har gwiwar hannunsa ta yi wa katakon tagar rami. Matsoraci ne tun asali: yana tsoron allura, yana tsoron kare, yana tsoron matarsa idan ta yi shiru. Amma duk wannan wasan yara ne ranar da kamfani ya liƙa sanarwa cewa masu sayar da tikiti za su zauna jarrabawar lissafi, wanda ya faɗi a mayar da shi gadin ƙofa.

Kwana uku abinci bai wuce masa maƙogwaro ba. Ya kwashi jiki sai gidan yayarsa, tsohuwar malamar firamare. Ta zaunar da shi a kujerar jikokinta, ta ce duk abin da bai sani ba ya kira shi x. Ya ce in haka ne ai rabin duniya x ce. Ta ɗaga rula, ya shiga taitayinsa.

Ranar jarrabawa, a ofishin bene, wata jami'a daga hedikwata ta raba takardu. Tambayar ta ce an sayar da kashi sittin da biyar cikin ɗari na tikitin wata mota, saura ashirin da ɗaya, kujera nawa ne a motar? Ya rubuta cewa ragowar kashi talatin da biyar na x shi ne ashirin da ɗaya. Ya ninka ashirin da ɗaya sau ɗari, ya raba gida talatin da biyar, x ta fito sittin cif.

Nan ya dakata da biro. Kujeru biyu na bayan direba na kwandasta ne da makanike, ba a yanka musu tikiti. Wanda ya kuskura ya sayar, direba zai zo taga ya wanke shi tas a gaban fasinja. Ya tabbata tarko aka ɗana masa, sai ya rubuta sittin da biyu.

Washegari aka kira shi sama. Ya hau matakala yana salati, yana tunanin inda zai samo sandar gadi.

"Baba, biyun nan daga ina suka fito?" in ji jami'ar.

"Ranki ya daɗe, tikiti sittin ne, amma kwandasta da makanike ba a tsaye suke tafiya ba."

Ta dubi manajan tashar da ke gefe. Manaja ya sosa ƙeya, ya ce haka yake, duk motocinsu haka ne. Jami'ar ta ce tambayar ce ke buƙatar gyara, Kawu Canji ya koma bakin aikinsa.

Ya sauko ya koma tagarsa. Bai daina waiwayen matakalar ba sai da ya yanka wa fasinja na huɗu tikiti.