Mai Tsofaffin Sifiku a Kasuwar Goronyo

Musaddiq mai gyaran rediyo bai san mutumin da ya tsaya gaban shagonsa ba. Dogo ne, gemunsa ya fara furfura, tabon sara ya ratsa kumatunsa har kunne, kuma babu yatsu biyu a hannunsa na hagu. Yana sauke tsofaffin sifiku biyu na katako daga kan babur, yana lallaɓa su.

"Amfilifa nika so, ta ƙara sauti, wadda za su iya ɗauka," in ji shi. "Na ƙanena na."

Musaddiq ya ga alamar sun sha kiɗan biki a ƙauye, bai kuwa tambayi inda ƙanen yake ba. Ya jona su da wata sabuwar amfilifa, ya murɗa. Ashe ta fi ƙarfinsu. Sifika ɗaya ta fashe da ƙara kamar harbin bindiga.

Masu sayar da kifi suka watse da gudu. Kafin Musaddiq ya ɗago, mutumin ya shaƙe masa wuya, ya buga ƙeyarsa da bango. Idanunsa jajur, amma ba Musaddiq suke gani ba. Wataƙila ranar da aka sare shi ce ta dawo.

Can ya sake shi, ya ja da baya.

"Mi niy yi? Ka yahe min, ɗana."

Musaddiq, jini na bin wuyansa, ya jawo wata tsohuwar amfilifa mai ƙaramin ƙarfi.

"Zamna, Baba. Guda ta yi saura. Wagga ba ta fasa ta."