Amyar da Iska ta Kayar a Zandam

A lokacin ina aiki a Birnin Kudu, amma da damina nakan leƙa Zandam wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata. Manomi ne, kuma yana da amya a kan ɗorawoyin da ke bakin gonarsa.

Wata Asabar na isa da hantsi, na tarar da mata tsaye cirko-cirko da jarkokinsu a bakin gari. Iskar da ta zo da ruwan jiya ce ta karya reshe, amya ɗaya ta faɗo kan hanyar rijiya ta tsage. Ƙudan zuma sun tashi, har sun harbi wani jaki ya tsinke igiya.

Kawu ya fito da sabuwar amya a kafaɗa, wadda ya riga ya shafe cikinta da kakin zuma. Muka gaisa, ya ɗan shinshina.

"Turare ka shafa?"

Na ce e.

"In za ka biyo ni, je ka wanke jikinka, ka cire baƙar rigar nan. Ba sa son ƙamshi, ba sa son baƙin kaya."

Na yi yadda ya ce. Ya ɗora mini malafa, ya lulluɓa mata guntun gidan sauro har kafaɗa, ya ɗaure mini bakin wando da igiya. Shi ma ya yi haka, sai dai hannuwansa a buɗe. Ya hura busasshen kashin shanu a kasko ya ba ni in riƙe.

Tun daga nesa nake jin rurinsu a ƙirjina. Da muka matso, Kawu ya tsuguna, ya yi bismilla. Ya daɗe a haka, hayaƙi na bin ƙasa a hankali, har na ji ƙarar ta sauka ta koma gunaguni. Sannan ya miƙa hannu cikin tsagar.

Ban taɓa ganin hannu na tafiya da irin wannan natsuwa ba. Yana ɗago saƙar zuma ɗaya bayan ɗaya, ƙudan sun rufe ta ruf, suna hawa yatsunsa suna sauka, shi kuwa yana jera ta cikin sabuwar amyar kamar mai kwantar da jariri. Ɗaya ta sauka a bayan hannuna, na zabura.

"Kada ka kaɗe ta," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Hutawa take yi."

Na tsaya ina jin ƙafafunta a fatata, har ta gaji ta tashi. Shi kuma ɗaya ta harbe shi a babban yatsa. Ya kankare ƙarin da farce, ya kara wurin a hayaƙi, ya ce, "Ni na danne ta."

Can sai ya kira ni da ido. A kan wata saƙa ya nuna mini uwarsu, doguwa, tana tafiya a tsanake, sauran na buɗa mata hanya. Ya sa saƙar ciki, ya ja baya. Abin da ya biyo baya har yau yana ba ni mamaki. Kaɗan suka tsaya a bakin amyar suna kaɗa fukafukai, sai duk waɗanda ke ƙasa suka juya fuska wuri ɗaya, suka kama tafiya da ƙafa suna shiga, ba wanda ya kora su. Na ji bakina yana ta subhanallahi.

Kawu ya ja amyar inuwa, ya aika a gaya wa mata su bi ta bayan gona har zuwa gobe. Washegari da sassafe muka ɗaga ta da igiya zuwa wani reshe mai ƙwari. Kafin in kama hanyar Birnin Kudu, har sun fara fita kiwo.