Ƙodar Dogo Mai Aski Ta Rasa Jirgi

Dogo mai aski ba mutumin tafiya ba ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera biyu, da madubi mai tsaga a gefe, da fankar da sai an tura ta da tsintsiya take juyawa. A nan ya yi samartaka, a nan furfura ta same shi. Akwai shi da surutu da tsoron allura, kuma ba a raba shi da sigari da shayi mai kaurin sukari.

Ƙaninsa, wanda duk gida ke kira Auta, shi ne ya yi nisa. Tun yana saurayi ya tafi aiki ƙasar waje, ya yi iyali a can. Da ƙodarsa ta lalace aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, daga baya likitoci suka ce sai dashe. Aka gwada 'yan'uwa, ta Dogo kaɗai ta dace.

"Yaya, in kana jin tsoro ka faɗa, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba," in ji Auta a waya.

"Tsoro kam ina ji. Amma biyu gare ni, ɗayar miya zan yi da ita?"

Ya bar sigari, ya bar sukari, ya riƙa tattaki da safe kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Kowace allurar gwaji sai matarsa ta riƙe masa hannu. Biza ta fito, asibiti ya sa ranar aiki, Dogo ya rufe shago ya yi sallama da unguwa gida-gida.

Ranar tafiya ya isa filin jirgi da wuri, ya tarar da mutane zube a ƙasa, wasu sun yi matashi da jakunkuna. Allon jirage duk ya yi ja. Ma'aikatan kamfanin, daga masu hidima a cikin jirgi har masu lodin kaya, sun shiga yajin aiki. Wata ma'aikaciya ɗaya tilo aka bari a bayan kantar tikiti, muryarta har ta dushe.

"Baba, an soke jirgin."

"'Yata, ba yawon buɗe ido zan je ba. Ƙanina na can a kwance, ni yake jira."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"To sai yaushe?"

"Wallahi mu ma ba a gaya mana ba."

Ta ba shi lambar waya. Ya kira, aka sa masa kiɗa har batir ya mutu. Jiragen sauran kamfanoni sun cika. Aka ce akwai hanya ta wata ƙasa, sai ga shi ita ma tana son bizarta daban. Da yamma ya ja akwatinsa ya koma gida, maƙwabtan da suka yi masa addu'a da safe suna leƙowa: "Ah, Dogo, har an dawo?"

Asibiti bai jira ba, aka ba wani majinyaci ranar. Aka kuma sanar da shi cewa gwaje-gwajensa za su tsufa kafin sabuwar rana, sai ya sake su daga farko. Ranar nan matarsa ta same shi yana juya kwalin sigari a hannu. Ta miƙa hannu ta karɓe.

Ya buɗe shago don kada zuciya ta kashe shi. Sai ga wani tsohon mai zuwa aski wurinsa, mai lodin kaya a filin jirgin, ya shigo ya zauna. Dogo ya shafa masa kumfa, ya ɗora reza a ƙasan haɓarsa.

"Ashe ku ne," in ji Dogo.

"Dogo, an sallami rabinmu, aikin mutum biyu nake yi. Ciwon baya ya gama da ni. Mun yi ta kuka ba wanda ya saurare mu."

"Ni na sallame su? Ko Auta?"

Dogo ya san ba ƙarya mutumin ya faɗa ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, don ya rasa wanda zai zaga. Ya gama askin tsaf.

Da aka janye yajin, sai da ya bi dogon layin waɗanda aka soke wa tafiya kafin ya sami kujera. Ya iske Auta ya rame, ƙafafu a kumbure, har sai da aka ƙara jinkirta aikin don ya yi ƙarfi. Daga baya aka yi dashen, ƙodar ta kama, amma jinyar ta yi tsawon da wurin aikin Auta suka ɗauki wani a madadinsa.

Dogo ya dawo da ɗinki a gefen ciki, ba akwati, don an loda shi a wani jirgin daban. Har yau yana kiran kamfanin, suna ce masa ana kan bincike.