Likitan Sitiyari

"Wai da gaske shi ya duba motar?"

"Shi fa. Da ƙarfen nan nasa. Ya ce lafiyarta ƙalau."

"Kai, sassauta murya, ga shi nan."

"Rabu da ni! Ko ganga ka kaɗa a ƙeyarsa ba zai waiwayo ba."

Bai waiwayo ɗin ba kuwa. Yana tsaye jikin ƙofar wata babbar mota yana goge hannu da tsumma. Amma a madubin motar ya ga bakunan makanikan nan biyu suna motsi, ya kuma san ba hirar ƙwallo suke yi ba.

Likita ake ce masa a garejin, ko da yake bai taɓa riƙe allura ba. Shekara talatin da huɗu aikinsa ɗaya ne, sitiyarin manyan motoci. Yana da wani ƙarfe mai tsawon kamu biyu, da kan katako wanda kunnensa ya goge har yana sheƙi. Direba ya zo ya ce sitiyari ya yi tauri, sai Likita ya sa a tayar da injin, a murɗa hagu har ƙarshe, a murɗa dama. Ya ɗora tsinin ƙarfen a kan famfon da ke tura mai, ya kafa kunne a katakon, ya lumshe ido.

"Kukan kyanwa ne wannan. Iska ta shiga man, nemo tiyon da ya tsage." Ko ya ce, "Bel ne ya saki, ɗaure shi ka ba ni wuri." In kuwa ya ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, to famfon ya fara cin kansa, motar nan ba inda za ta.

Sauran makanikai, masu tsoma yatsa a mai da kwance kusoshi, dariya yake musu. "Ku sai kun farke cikin mutum kafin ku gane ciwon kai yake yi."

Jin bai tafi rana ɗaya ba. Kunnen hagu ya fara. Sai muryar matarsa in ta kira shi daga ɗakin girki, har ta ce girman kai ya kama shi da tsufa. Daga baya wani gyare ya tare a cikin kansa, yana kuka ba hutu. Ya koyi kallon bakin direba, ya koyi satar kallon kumfa a gwangwanin mai, ya cika sauran da canke. Sau da yawa yana dacewa. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai kawo mota wurin Likitan da ba ya ji?

Wata safiya mijin autarsa, wanda direbobi ke kira Sarkin Kwana, ya shigo da lodin siminti. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, wani irin kuka take yi in na sha kwana."

Likita ya kafa ƙarfensa. Gyare kawai. Da ya tsoma yatsa a man ya murza a hasken rana, da ya ga abin da ke ciki. Amma mutanen da ya shekara yana yi wa dariya suna tsaye suna kallo.

"Ƙishirwa take ji," ya ce. "Ƙara mata mai ka kama hanya."

"To, Baba."

Suruki ba ya musu da uban matarsa. Washegari, a babban gangaren nan mai kwana a ƙarshensa, famfon ya cije, sitiyari ya kafe kamar kututture. Motar ta kwanta ta gefen direba. A asibiti aka yanke wa Sarkin Kwana hannu daga saman gwiwar hannu. Da aka kawo famfon gareji aka buɗe, man ya yi baƙi ƙirin, garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

Wata huɗu ke nan. Ɗaki ya ishi Sarkin Kwana, kullum yana kan bencin rumfar gareji, hannun riga a naɗe da fil. Yana gaishe da Likita kamar da, bai taɓa ɗaga zancen ba. Auta kuwa in ta zo gida, daga bakin ƙofa take gaisuwa, ba ta zama.

Motar da yake tsaye a jikinta yau ta wani baƙon direba ce, mai furfura a gemu. Ya tayar da injin, ya leƙo ta taga.

"Maigida, daga nesa na zo. An ce in kun saurara, magana ta ƙare. Gangare zan bi da yamma."

Kalmar gangare Likita ya gani sarai a bakinsa. Ya ɗora ƙarfen, ya lumshe ido. Famfon yana karkarwa a ƙashin muƙamuƙinsa, amma abin da yake faɗa, oho. Kalma biyu za su sallami mutumin nan, ya tafi yana godiya.

Ya sauke ƙarfen.

"Ba na ji."

Da ƙarfi maganar ta fito, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa. Mai walda ya ɗaga gilashinsa. Makanikan nan biyu suka tsaya cak.

"Shekara uku rabona da kukan famfo."

Ya taka har rumfar, ya durƙusa gaban bencin. Sarkin Kwana ya zabura zai miƙe, ya nemi dafawa da hannun da babu.

"Subhanallahi, Baba! Ku tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. Ranar nan ma ban ji komai ba. Kai ka ji, ni na kore ka da mai."

Surukin ya sunkuyar da kai. Likita ya miƙa masa kan katakon.

"Taso, don Allah, ka ara mini kunnenka. Ni zan riƙe ƙarfen. Abin da ka ji, ka dube ni ka faɗa a hankali, yadda zan gani a bakinka."