Neman Babba a Glenwood

Wata Asabar ce a tsakiyar watan Agusta na shekarar dubu biyu da huɗu, hantsi ya dubi ludayi, muka sauka daga bas a bakin unguwar Glenwood, ni da Mama. Ita tana rungume da babbar kula cike da dambun shinkafa da zogale, ni kuma ina riƙe da dardumarta, gumi yana bi mini ta cikin hijabi. Shekaruna goma. Tun daga gida nake mita, Mama tana ce mini in rufe mata baki, don ba yawo ya fito da mu ba. Babba muka fito nema. Yayata Hadiza ta kama ɗaki kusa da jami'arsu mako guda da ya wuce, Baba kuma ya ɗaure fuska ya kafa sharaɗi ɗaya tak: a samo wani babba a unguwar, mai furfura, mai zaman gida, wanda za a je gabansa a ce masa ga amana, kamar yadda aka yi masa shi ma da aka kai shi karatu daga ƙauyensu zuwa Maraɗi. In an samu, ta zauna. In ba a samu ba kafin ya tashi daga aiki da la'asar, zai zo da mota a kwashe kayanta ta dawo gida. Baba ba ya magana biyu, duk mun sani.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni so nake kada a samu. Gidanmu ɗaki biyu ne a hawa na biyu, cikin wasu dogayen gidajen haya da ke bayan High Point Road, inda in ka leƙa ta taga ba abin da za ka gani sai motocin sayarwa an jera da tutoci. Tun da Yaya ta tafi komai ya dawo kaina. Ni ce wanke-wanke, ni ce kai shara can ƙarshen filin ajiye motoci, ni ce ban ruwa ga yakuwa da tattasai da Mama ta shuka cikin bokitai a baranda, ni ce jan kwandon kaya zuwa ɗakin injin wanki in zauna ina kallon yana juyi kamar wata marar aikin yi. Amma ba aikin ne ya fi ci mini rai ba. Yaya ce take mini kitso ba ta ja mini gashi. Ita ta koya mini carafke da tsakuwar da muke tsinta a gindin furannin masu gida, ita ke tsaya mana alƙali in muna langa da 'ya'yan maƙwabciyarmu Anti Balkisa, masu maguɗi kamar me. Da ta tafi sai gidan ya yi mini faɗi, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Daga falo in shiga kicin, daga kicin in fita baranda, har Mama ta ce ko ƙudan zuma ne ya shiga rigata.

Kuma na san abin da dawowar za ta ja mata, ba zan ce ban sani ba. Shekararta ta farko daga gida take zuwa, bas biyu, fita tun da duhu, kuma duk da haka tana makara a darasin safe, har ta faɗi kwas ɗaya. Na ji ta da kunnena tana kuka a banɗaki tana cewa in za ta koma wannan wahala gara ta haƙura da karatun jinyar baki ɗaya. Na ji, na kuma yi kamar ban ji ba. Son kai ne irin na yaro, wallahi har yau ina jin kunyarsa.

Mun same ta tsaye a ƙofar wani ɗan gidan katako, ta ci kwalliya kamar mai jiran baƙin kunya, leɓɓanta duk sun bushe. Ta fara cewa ita za ta yi tafinta tunda ta fi ni Turanci, Mama ta katse ta. "Ke mai ƙara ce, ba ki da baki yau. Rabi ce za ta faɗa mini abin da aka ce." Haka aka ɗora mini. Muka kama hanya, Mama a gaba da kula, ni a gefenta, Yaya a baya tana tauna bakin gyalenta.

Kai, wannan unguwa! Ƙofar farko wani saurayi ne ya buɗe, ba riga, yana riƙe da kwanon karin kumallo alhali azahar ta kusa. Mama ta kau da kai ta yi salati, shi kuwa ya ɗauka abinci muke sayarwa, har ya tambaya ko akwai yaji. Ta biyu wata yarinya ce da ƙaton kare, ba mu ma ƙarasa matakala ba muka juyo. Ta uku sun fito da kujerar falo sun ajiye a baranda, su biyar a kai, kiɗa yana tashi. Ko'ina motoci ne a buɗe ana sauke akwatuna da katifu da fitilu, yara maza da mata suna ta shige da fice, ba wanda ya haura shekara ashirin da biyar. A kowace ƙofa sai na maimaita tambaya ɗaya, ko akwai tsoho ko tsohuwa a gidan, su kuma su dube ni su yi dariya su ce sai dai a tambayi mai gidan, wanda ba su taɓa gani ba. Can muka hango wani mai furfura yana ɗaure kekensa. Mama ta ce alhamdulillahi, ta ƙara sauri har takalminta yana faɗuwa. Ashe shi ma ɗalibi ne, haya yake, kuma watan Disamba zai bar garin. Mama ta tsaya a tsakiyar hanya ta riƙe haɓa. "Wannan wace irin unguwa ce, Rabi? Su suka haifi kansu? In sun yi faɗa wa ke raba su?"

Ni kuwa, duk da mugun nufina, unguwar ta shiga raina. A wajenmu ba wanda ke tafiya da ƙafa sai wanda motarsa ta lalace. A nan kowa tafe yake, wani a keke, wani da littafi a hammata, wata zaune a kan ciyawa ta miƙe ƙafa ba mai kiranta ta zo ta ɗora tukunya. Manyan itatuwa sun rufe titi, gyare yana ta ƙara a cikinsu kamar zai fasa kunne. Ƙafafuna suka riƙa yi mini ƙaiƙayi, ina so in ruga in ga inda kowane lungu ya ɓulle. Sai in tuna cewa in Yaya ta zauna a nan, ita ce za ta san lungunan, ni ina can ina ban ruwa ga tattasai. Sai haushi ya sake taso mini.

Muka koma ɗakin Yaya Mama ta yi azahar, ta daɗe a zaune tana jan carbi, ba wanda ya buɗe kular ko da yake cikina yana ta kuka. Da muka sake fita rana ta fara karkata. Yaya ta daina tauna gyale, ta koma duba agogon hannunta kowane taku goma. Mun gama layinsu, mun gama na gaba, sai Mama ta ce mu bi ta baya. A nan, gida uku kawai daga bayan ɗakin Yaya, muka ga wata tsohuwa baƙar fata zaune a baranda, da tabarau a kan hanci, da roba a cinya, tana ɓarar ɗanyen wake. Mama ba ta jira an ce ta hau ba. Ta yi sallama, ta ajiye kula, ta zauna a kan matakala, ta miƙa hannu ta ɗebi wake ta fara ɓara. Tsohuwar ta dube ta, ta ɗan tura mata robar kusa. Sunanta Odesa, Mama kuma daga ranar ta sa mata Madam Odesa. Mama ta gaishe ta da gajiya, da zafi, da iyali, da jikin tsufa, ni ina fassarawa, ita kuma tana amsa kowace gaisuwa a tsanake, har tana tambayar namu. Ta ce a gidan ta haifi 'ya'yanta, a gidan mijinta ya rasu, maƙwabtanta na da duk sun watse. Na ga kafaɗun Mama sun sauka.

Sannan Mama ta kawo maganar. Ta ce in gaya mata ga 'yarta nan ta zo lakwal, wato makaranta, ba ta da kowa a unguwar. In ba ta da lafiya a duba ta, in ta yi ba daidai ba a yi mata faɗa kamar 'yar cikin gida, in an kwana biyu ba a gan ta ba a buga mata ƙofa. Na faɗa duka, ban rage ba. Madam Odesa ta daina ɓarar wake. Ta ce ita ta tsufa, idonta ba ya gani sosai, ɗanta ma yana matsa mata ta koma wurinsa a garin Summerfield, kuma ba ta ɗaukar alkawarin da ba ta da tabbacin cikawa. Ta ce mu yi haƙuri.

To, ga abin da nake roƙo tun safe an ba ni a hannu, kuma ba sai na yi ƙarya ba. Mama ta juyo ta ce, "Me ta ce?" Na dubi Yaya. Ta ji komai, ta fi ni ji ma, amma ba ta ko yi mini alama da ido ba. Ta sunkuyar da kai ne kawai tana kwance agogon daga hannunta, kamar wadda ta gama da shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ta ce ta karɓa."

Mama ta tashi ta kamo hannun Yaya ta saka cikin hannun tsohuwar, ta haɗa ta dafe da nata biyu, tana ta zuba addu'a. Madam Odesa ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta janye hannunta ba. Da Baba ya iso ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, aka bar mata kular, mota ta koma gida ba kaya. Na yi kuka tun daga Glenwood har High Point Road, Mama ta ce yunwa ce.

Shekara uku Yaya ta yi a ɗakin nan, shekara uku kuma tsohuwar nan ba ta koma Summerfield ba. In gari ya waye ba ta ga Yaya ta wuce ba, sai ta tako da sandarta ta zo ta buga ƙofa. Ta yi mata faɗan rashin cin abinci, ta yi mata faɗan fita da rigar da ba ta tare sanyi, ta taɓa korar wani yaro mai yawan tsayuwa a bakin layi. Kularmu ba ta taɓa dawowa wayam ba, kullum da burodin masara a ciki, bayan Yaya ta yi mata bayanin abin da ba ma ci. Ni kuwa duk zuwan da za mu yi ina jiran ranar da za ta tona ni. Yaya ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai dai ta riƙa ɗaukata a bayan kekenta tana zagaya unguwar da ni har sai na ce ya isa.

Ranar da Yaya ta gama, muka je kwasar kaya, Madam Odesa ta sa aka kira mu. Ta rame, sandar ta zama biyu. Ta kama hannun Yaya, ta yafito ni da yatsa, ta ce, "Wannan karon ki faɗa wa mahaifiyarki daidai abin da na ce." Sannan ta ce ranar nan ba ta ce ta karɓa ba, cewa ta yi ba za ta iya ba, amma tunda an riga an saka mata hannu a hannu, ba ta ga yadda za ta yi ta sake shi ba. Ta ce ga Yaya nan ta dawo da ita lafiya, yanzu ita ma ta samu damar tafiya wurin ɗanta. Na fassara duka. Mama ta karɓi hannun Yaya, ta juyo ta kafe ni da ido. "Shekara uku muka tsare baiwar Allah da bakinki, Rabi?" Ta ce za mu yi magana a gida. Ba mu taɓa yi ba. Ta zauna a kan matakalar nan ta rufe fuska da mayafi, tsohuwar tana shafa mata baya.

Madam Odesa ba ta cika shekara a Summerfield ba ta rasu. Bara ni na kai autarmu, wadda aka haifa bayan Yaya ta kama ɗakin nan, jami'a a wani gari, don gwiwoyin Mama sun daina hawa matakala, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ɗakinta yana cikin wani dogon bene mai ƙofar da sai da kati take buɗewa, kuma ta nuna mini yadda zan riƙa ganin duk inda take a wayata. Na ce mata to. Amma da muka gama shigar da kaya sai na kasa shiga mota. Na bi layin har ƙarshe da ƙafa, na dawo ta na baya, ina leƙen kowace baranda, hannun yarinyar yana cikin nawa tana ta tambayata me nake nema. Ban samu wanda zan yi wa ko ƙarya ba.