Nasidi, Direban Motar Baya

Da safiyar Talata, 14 ga Janairun 2025, muna bakin tekun Sealine muna rage wa tayoyi iska kafin mu shiga yashi da baƙi, aka kira ni daga asibiti a Doha aka ce Allah ya karɓi ranka. Ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki. Na Allah muke, kuma wurinsa ka riga mu komawa, Yaya Nasidi.

Washegari 'yarka Kausar ta kira ni daga Gumel. Bayan mun yi kuka mun gaji, sai ta ce, "Baffa Uwais, duk bidiyon safarin da Abba yake turo mana, ban taɓa ganin motarsa a gaba ba. Ƙawayena sun ce wai bai ƙware ba ne." Amsar ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don kada yarinyar nan ta girma tana zaton mahaifinta saura ne a cikinmu.

Ga yadda aikinmu yake. Muna ɗaukar masu yawon buɗe ido daga otal-otal, mu yi ayarin motoci, mu hau tuddan yashi mu gangara har Khor Al Adaid, inda teku ya kutso cikin sahara. Kowane direba gaba yake so, ni kuwa na fi kowa. Na gaba ne ake ɗauka a bidiyo, shi ne baƙi suke yi wa tafi in ya karkata mota a gefen tudu yashi ya tashi. Kai kuwa tun da na san ka, baya ka zaɓa, da igiyar ja da shebur da jarkar ruwa a but. Muka laƙaba maka Malam Wutsiya. Ka karɓi sunan hannu bibbiyu, har in an kira ka a oba-oba sai ka amsa, "Wutsiya na ji, yalla, mu je."

Ba rashin iyawa ba ne. Ai kai ka koya mini karanta tudu, in gane inda yashi ya yi tauri da inda zai haɗiye taya. Sau biyu manajan kamfani yana ba ka jagorancin ayari kana mayar masa. Dalilinka ɗaya ne, kuma ba ka tsawaita shi: na gaba ba ya ganin wanda ya maƙale.

Aruna, abokin aikinmu ɗan Zangon Kumasi, shaida ne. Wata rana da la'asar motarsa ta nutse a taɓon gishiri na bakin Khor, ɗauke da wata tsohuwa 'yar Malesiya da jikokinta, ga ruwan teku yana hauhawa. Mu na gaba mun riga mun haye tudu, kiɗa na tashi, ba wanda ya waiwaya. Kai ka gan su. Ka sauke baƙinka a kan tudu, ka tuɓe takalmi, ka shiga taɓo har gwiwa ka ɗaura igiya. Lokacin da ka fizgo motar, ruwa ya riga ya taɓa ƙofa. Aruna ya rungume ka yana cewa, "Wallahi Nasidi, yau kai ne babana." Ka ture shi ka ce, "Khalas, ya isa, je ka wanke wa kafil, ubangidanka, motarsa." Da muka dawo masauki a unguwar Bin Mahmud ba ka ɗaga zancen ba. A bakin Aruna muka ji.

Baƙin motarka ba su yi asara ba, ko da yake da farko sukan ɓata rai in sun ga an bar su a baya. Su ne kaɗai suke ganin sawun yanyawa a kan yashi kafin iska ta share shi, da tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da launin hoda da suke tsayuwa a ruwan Khor lokacin sanyi. Daga nan sai ka ɗauko musu labarin gida: giwayen Yankari, ruwan ɗumin Wikki, sanyin tsaunin Mambila. Mukan tsokane ka cewa Qatar ce take biyan ka albashi amma Najeriya kake yi wa talla. Dariya kawai kake yi, gobe kuma ka maimaita.

Ranar da za a kai ka maƙabartar Mesaimeer, direbobi suka fito ba wanda ya gayyace su: Hausawa, 'yan Sudan, 'yan Pakistan, har da wani ɗan Qatar da ka taɓa jawo shi daga yashi. Muka jera motocin safari a bayan motar gawa. Ban taɓa alfahari da aikin nan kamar ranar ba. Ni na ɗauki motarka, igiyarka tana nan a but, na tsaya har kowa ya wuce sannan na bi. A bayan ayari nake tuƙi tun daga ranar, kuma a can zan zauna.

Ya Allah, ka gafarta wa Nasidi, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya haye siraɗi lafiya kamar yadda ya fitar da bayinka daga taɓo. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Zaituna, da mahaifiyarsa, da dukan mutanen Gumel da ke nan Doha. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma Kausar, na turo miki bidiyon ayarin ranar jana'iza. Ki nuna wa ƙawayenki. Ranar ce kaɗai mahaifinki ya shiga gaba, kuma duk wanda kika gani a bayansa, ya taɓa jawo shi ko ya koya masa hanya.