Wa Zai Jingina da Darbejiya

Karatuna na lakwal, wato boko, a aji huɗu ya tsaya, ranar da mushe, malamin ajinmu, ya dube ni ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar rake. Ban yi masa gardama ba, don mutum ne mai sani. Amma duk da haka, a faɗin Matameye ban ga wanda zai ja da ni kan dokokin majalisar dattawan Nijeriya ba. Ban taɓa shiga cikinta ba, kada a yi mini ƙarya. Hulunan da ke shiga cikinta nake wankewa.

Rani tara na yi a Abuja ina wankin hula, a bakin wata unguwa da sanatoci ke zama. Direbobinsu ke kawo mini hulunan, su zauna kan benci suna jiran sitaci ya bushe, bakinsu kuwa ba ya bushewa. Mu nan Nijar depite muka sani, ƴan majalisa masu ɗaki guda. Can hawa biyu ne, kuma a na saman akwai tsarin da ya fi komai burge ni: ba a ƙirga furfura, ba a ƙirga dukiya, sai a duba sau nawa mutanenka suka aiko ka. Mai zuwa huɗu yana gaban mai zuwa ɗaya ko da mai zuwa ɗayan ya yi jika da shi. Direbobin suka ce shi ake fara dubawa wajen rabon manyan kwamitoci, kuma in ya ɗaga hannu, hannun ba ya daɗewa a sama. Har hulunan ma a kan haka nake shanya su, ta mai zuwa huɗu a layin sama, don in na kuskure direbansa ba ya raga mini.

Akwai wani tsoho a cikinsu, gemu fari tas, tsohon shugaban makaranta, zuwansa na fari. Akwai kuma wani mai zuwa uku da ya taɓa zama ɗan ajinsa. A cikin zaure, in ji direbobi, tsohon a baya yake zama yana jiran a kai kansa. A waje kuwa, da idona na ga mai zuwa ukun ya fito daga mota ya durƙusa har ƙasa yana gaishe shi. Kowa ya san wurinsa, ba wanda ya zubar da girman wani. Wannan abu ya zauna mini.

Da ƙarfi ya ƙare na dawo gida na kama lambun rake, sai na zo da ilimin nan majalisarmu. Mu bakwai ne, muna zama bayan azahar a gindin wata darbejiya da ke bakin hanyar Tsauni. Wuraren zamanmu ba ɗaya ba ne. Akwai jikin itacen, inda ya ɗan lanƙwasa kamar an sassaƙa shi don bayan mutum. Wannan shi ne kujerar gaba, mutum ɗaya take ɗauka. Sai saiwoyi biyu, sai tabarma, sai can bakin tabarma inda rana ke riskar mutum tun kafin la'asar. Tun asali wanda ya riga fara zama shi ke gaba. Ni dai na ɗora wa abin rawani ne, ina yanke hukunci da "a majalisar dattawa ba a yin haka," har aka gaji aka bar mini alƙalanci.

Mai jikin itacen a lokacin Tela ne, tsohon maɗinki, baƙi, siriri, mai bakin da ya fi allurarsa tsini. Ya gaji wurin ne daga taubashinsa, wanda zan kira mutumin Ikko. Shi wannan shi ya fara shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar nan. Kullum rani yana Ikko yana dakon buhuna, damina yana gida, har shekarar da ya tafi bai dawo ba, aka yi shekara goma sha uku sai dai saƙon gaisuwa.

Ranar da ya dawo ban gane shi daga nesa ba. Ƙaton da ke saɓa buhu biyu ya zama abin da sanda ke jawowa, baya ya tanƙware. Aka gaisa, aka yi barka, ya nemi bakin tabarma ya zauna. Tela ya yi zumbur ya miƙe.

"Taso ka jingina nan, taubashi, bayanka ba zai ɗauki tabarma ba."

Da ma Tela ya haɗiye maganar. Mutumin Ikko ya dube shi sama da ƙasa.

"An gaya maka sadaka na zo nema? Bayan nan ya ɗauki abin da ya fi gidanku nauyi. Koma ka zauna, ɗan allura."

Muka yi dariya, amma kwana uku ba mu gan shi ba. Da ya sake zuwa, bakin tabarmar ya koma. Ina lura da shi: in ya ɗan jima sai fuskarsa ta canza, ya dafa ƙasa da hannu biyu, gumi ya keto, sannan ya ce bari ya je ya duba akuyarsa. Ba shi da akuya. Yau ya yi rabin awa, gobe ƙasa da haka, jibi ba shi. Surukarsa ta gaya wa mai ɗakina cewa in ya shiga ɗaki sai ya juya wa ƙofa baya, tuwo ma sai an yi da gaske. Dukanmu mun san irin kwanciyar nan. Tsohon da ya daina fitowa hira, fitarsa ta gaba a kafaɗar mutane take.

Wata safiya da hantsi ina lambu ina ban ruwa, sai ga Tela, mutumin da ko rake aka ba shi sai ya tambayi wa zai ɓare masa. Ya tsaya kan kunya yana kakkaɓe ƙafa.

"Alƙalin huluna, cikin dokokin nan naka babu wadda za ta kayar da ni?"

Na ajiye guga. Na ce, "Maimaita, kunnena ya tsufa."

"Ka ji ni. Ba zai karɓi kyauta ba. In ƙwace ne zai karɓa. Nemo mini dokar da zai ƙwace wurin nan daga hannuna, ni kuma in yi ta ihu."

Muka zauna a inuwar mangwaro na buɗe masa kundin da ke kaina. Na ce na ji a rediyo cewa a Amurka wanda ya fita ya dawo, daga baya yake sake farawa. Wannan ba ta yi mana ba. A Nijeriya kuwa ba a zubar wa mutum da zuwansa na da. Muka ƙirga da yatsu. Mutumin Ikko ya zauna shekara goma sha shida kafin ya ɓace. Tela, da bai taɓa wuce Ɗan Barto da ke bakin iyaka ba, yana da ashirin da biyar. Ko ta ina aka auna, Tela ne a sama.

Ya ce, "Amfaninka ke nan? Rani tara kana shaƙar zufar kawunan manya, doka ɗaya ta gagare ka?"

Zagin nan ne ya buɗe mini kai. Na ce masa ai sanatoci ba shekara suke ƙirgawa ba. Sau nawa ka dawo mutanenka suka sake karɓar ka, shi ne lissafi. Mutumin Ikko duk damina in ya dawo mukan matsa mu gyara masa wuri, wannan kuwa ai sake zaɓe ne. Sau goma sha shida, ga na yanzu na sha bakwai. Tela fa? Tun da ya zauna bai tashi ba, balle a ce an sake zaɓensa.

Ya tafa hannu. Ni ban tafa ba, don na hango abin da bai hango ba.

Na ce, "Tsaya. Dokar nan in ta fito ba ta komawa kube. Ni ma zuwana tara. Sauran duk sun yi ci-rani, har Malam, masanin cikinmu, ya yi uku a Kano. Kai kaɗai ne mai zuwa ɗaya. Ba saiwa za ka koma ba, ba tsakiyar tabarma ba. Bakin rana za ka."

Ya dubi ruwa yana bin kwari. Shekararsa saba'in da ɗoriya a lokacin, kuma kowa ya san rana na sa masa ciwon kai. Can ya ce, "Ni baƙi ne tun fil azal, me rana za ta ƙara mini?" Da zai tafi ya waiwayo. "Rigarka da ke wurina tun sallar bara, ka aiko a karɓa ran Juma'a."

To, a rubuta: ni ne alƙalin da aka ba toshiya don ya kayar da mai ba da toshiyar. Na karɓa, kuma ban tuba ba.

Da yamma na tafi gidan mutumin Ikko. Na same shi kwance, fuska a bango. Ban tambaye shi jiki ba. Na ce, "Na zo ne in gaya maka ana cin haƙƙinka, kuma ɗan allura ne ke ci." Ya juyo. Na zayyana masa dokar tun daga kan hula har ƙasa. Ya ce in sake ƙirgawa. Na sake. Ya ce, "Sha bakwai da ɗaya?" Na ce da ɗaya tak. Ya ce wa surukarsa ta miƙo masa sandarsa, ta kuma duba ko akwai sauran tuwo.

Washegari aka yi shari'a. Na sa hulata ta zanna, na yi gyaran murya irin na manya. Mai ƙara ya tsaya kan sandarsa ya faɗi zuwansa ɗaya bayan ɗaya, har da shekarar da kamiyo, babbar motar da ta ɗauko su, ya lalace musu a hanya suka iso an gama shuka. Malam ya ba da shaida cewa duk zuwan nan an gyara masa wuri. Na juya kan Tela.

"Kai sau nawa ka dawo?"

"Daga ina zan dawo? Ni ɗan halak ne, ina gidan ubana!"

"A rubuta, zuwa ɗaya."

"Wa zai rubuta? Kai da ko sunanka sai ka huta a tsakiya?"

Na yanke hukunci. Jama'a, ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin ta Tela ba. Ya tuɓe hula ya buga da ƙasa. Ya ce wannan dokar ƴan gudun noma ce. Ya rungume darbejiya ya ce sai dai a sare su tare. Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce wa duniya ta shaida an ba alƙali cin hanci. Na sunkuyar da kai, don Allah ya sani gaskiya ya faɗa. Sai da Malam ya ce masa, "Haba Tela, girma ya faɗi?" kafin ya ja buzunsa yana gunaguni har bakin tabarma, ya ce ya ɗaukaka ƙara.

Mutumin Ikko ya taka a hankali ya juya, ya sauke bayansa cikin lanƙwasar itacen. Na ga ya lumshe ido, numfashi ya fito masa mai tsawo. Da ya buɗe idon sai ya ce, "Wurin nan warin man keke yake." Ranar sai da aka kira magariba ya tashi, kuma ba a yi maganar akuya ba.

Tun daga nan shi ke riga kowa zuwa, wai kada a saurari ɗaukaka ƙara ba ya nan. Tela kuwa kullum yana bakin rana, ya ɗora gefen rigarsa a ka, yana kawo sabuwar hujja. Ran nan ya ce ya taɓa zuwa Dawce biki ya kwana biyu, a ƙirga masa zuwa na biyu. Na kori ƙarar. Sau da yawa na so in matsa masa ya shigo inuwa, ya harare ni, don in aka sassauta doka a kansa, taubashinsa zai shinshino abin da aka ƙulla.

Ni dai na ɗauka mun rufe shi ruf. Sai wata Juma'a na zo da rigar nan, shuɗiya, aiki har ciki. Sauran ba su iso ba, daga ni sai mutumin Ikko. Ya kama bakin hannunta ya murza.

"Ɗinkin ɗan allura ne wannan."

Na ce nasa ne.

"Shekara arba'in na san shi, bai taɓa gama riga ba sai mai ita ya yi kuka." Ya saki hannun rigar. "Kai ban ji kukanka ba."

Na shiga neman goro a aljihun da na san babu goro. Ya gyara bayansa a jikin itacen, ya zuba wa hanya ido.

Da Tela ya iso ya shimfiɗa buzunsa a rana ya fara, "Alƙali, yau na zo da shaidu," sai mutumin Ikko ya jawo wani abu daga bayan saiwa ya wurga masa. Malafa ce sabuwa, mai faɗin faifai biyu, an yi mata igiyar fata.

"Ungo, sa wannan. Ba na son ƙwaƙwalwarka ta narke kafin ka gama faɗuwa a kotu."

Tela ya juya ta, ya leƙa cikinta. "Sadaka ce?"

"Ganima ce. Wanda ya ci yaƙi shi ke tufatar da bayinsa."

"To, in ganima ce na karɓa," in ji Tela. Ya kifa ta a ka, ta rufe shi har hanci, daga ƙarƙashinta ya ci gaba da kiran shaidunsa.